Yadda Ake Neman Wasiƙar Shaida Daga Malaman Jami'a Don Karatun Digiri Na Biyu Ko Na Uku

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, sanyi ya fara sauka, wayoyin malaman jami'a sukan cika da saƙo iri ɗaya: "Assalamu alaikum Malam, ɗalibinka ne. Don Allah an turo maka wani saƙo ta imel, jibi ake rufewa." Babu cikakken suna, babu shekarar kammalawa, babu ko sunan jami'ar da ake nema. Ni ma koyarwa nake yi, kuma irin wannan saƙo ya sha zuwar mini. Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa mai saƙon haziƙi ne da ya cancanci gurbin. Ya yi wata uku yana gyaran takardar bayanin manufarsa, wato wadda yake bayyana dalilin neman karatun a cikinta, amma wasiƙar da wani zai rubuta a kansa ya bar ta sai ana saura kwana biyu.

Wasiƙar nan shaida ce, a ma'anar da muka san shaida a gida. Idan mutum ya zo neman aure, ba a tsayawa kan abin da ya faɗa game da kansa. Unguwarsu ake zuwa, a tambayi waɗanda suka zauna da shi. Kwamitin ɗaukar ɗalibai ma haka yake. Sun ga makinka a takarda, sun karanta abin da ka rubuta da hannunka. Abin da ya rage musu shi ne su ji daga bakin wanda ya gan ka kana aiki: shin idan bincike ya cije kana jurewa, kana karɓar gyara, za a iya barinka da aiki a dawo a tarar ka yi? Malamin da ya amsa waɗannan tambayoyi sunansa ya ɗora a kanka. In ka riƙe wannan a zuciya, sauran matakan duk za su zo maka da sauƙi.

Mataki na farko: san abin da ake nema kafin ka tunkari kowa

Ka zauna da takarda, ko ka buɗe jadawali a kwamfuta, ka jera kowace jami'a da kowane tallafin karatu da kake nema. A gaban kowanne ka rubuta wasiƙa nawa ake so, daga wane irin mutum, ta wace hanya ake turawa, da ranar rufewa. Ba ɗaya suke ba. Yawancin jami'o'in Amurka uku suke nema, haka ma tallafin Fulbright. Oxford tana so a yi rajistar masu shaida uku, Cambridge biyu. Tallafin karatu na Chevening biyu yake nema, tallafin Commonwealth kuwa aƙalla biyu. A gida ma, makarantun karatun gaba da digiri na jami'o'inmu kan nemi sunayen masu shaida, wasu da fom na musamman da malamin zai cike. Ka'idojin kan canza daga shekara zuwa shekara, don haka shafin jami'ar na bana za ka karanta, kada ka dogara da abin da wanda ya nema shekara uku baya ya gaya maka.

Ka lura da sa'ar rufewa, ba rana kaɗai ba. Wasu wuraren a Ingila da sha biyun rana agogonsu suke rufewa, wanda a lokacin sanyi ya yi daidai da ƙarfe ɗaya na rana a Najeriya da Nijar. Wanda ya ɗauka yana da har tsakar dare sai ya zo ya tarar an rufe tun da azahar.

Mataki na biyu: zaɓen mai shaida

Nan ne aka fi yin kuskure, shi ya sa zan daɗe a kai.

Mun saba da cewa takardar babban mutum ita ke buɗe hanya. Saboda haka ɗalibi kan bar malamin da ya duba masa kundin kammala digiri na tsawon wata takwas, ya tafi neman shugaban tsangaya, ko wani farfesa da kawunsa ya sani, ko ma wani mai riƙe da muƙami a gwamnati. Sakamakon shi ne wasiƙa mai layi biyar: na san wane, ɗalibinmu ne, yana da ladabi da biyayya, ina ba da shawarar a ɗauke shi. Mai karatu a can ya ga ɗaruruwan irinta. Yana gani ya san marubucin bai san ka ba, kuma girman muƙamin ba zai rufe wannan ba. Ka gwada ta da wasiƙar babban lakcara wanda zai iya cewa a aji huɗu ka tattara bayanai daga ƙauyuka shida, kashin farko ya lalace, ka koma ka sake da kuɗin aljihunka, kuma babi na huɗu na kundinka ya fi na wasu ɗaliban digiri na biyu da ya duba. Wannan ita ce wasiƙar da ake karantawa har ƙarshe.

Ga yadda zan jera su. Na farko, malamin da ya duba kundinka, domin shi ne ya ga yadda kake bincike, kuma bincike shi ne abin da za ka je yi. Idan babu wasiƙarsa a cikin takardun mai neman digiri na uku, masu dubawa kan tambayi kansu dalili. Na biyu, malamin da ya koyar da kai kwas biyu ko uku a manyan azuzuwa, musamman a fannin da kake son ci gaba da shi, kuma ka ci kwas ɗin da kyau. Na uku ya danganta da irin karatun. Idan na bincike ne zalla, wani malamin za ka ƙara. Idan na sana'a ne, kamar lafiyar al'umma, harkar kasuwanci ko tsare-tsaren ci gaba, shugabanka na wurin aiki ya dace, ko wanda ya kula da kai a inda ka yi bautar ƙasa, ko a kamfanin da ka yi aikin koyon sana'a na SIWES. Tallafi irin Chevening, da ke duba shugabanci da gogewar aiki, shaidar wurin aiki tana da nauyi sosai a wurinsa.

Muƙami yana da amfani idan ya haɗu da sani. In malamai biyu sun san ka daidai wa daida, ɗauki wanda ya fi girma kuma yake wallafa bincike a fannin, ballantana idan ya taɓa karatu ko aiki a ƙasar da kake nema. Wanda bai kammala digiri na uku ba kuwa, ka ajiye shi a matsayin na uku idan digiri na uku kake nema, don ana son wanda ya bi hanyar ya ce kai ma za ka iya binta.

Ɗan'uwa ba ya shaida a nan, ko da farfesa ne. Mahaifi, kawu, miji, suruki, aboki, duk a cire su. Haka ma limamin unguwa ko mai unguwa, duk da cewa sun fi kowa sanin halinka, sai fa in kwamitin ya nemi shaidar hali a fili.

Akwai wata tambaya da ya kamata ka yi wa kanka a asirce: wannan malamin yana amsa saƙo? Yana cika alkawari a kan lokaci? Ka tambayi waɗanda suka riga ka. Kowane sashe an san malamin da in ya ce to, to ɗin ke nan, an kuma san wanda zuciyarsa fara ce amma aiki ya yi masa yawa har ba ya buɗe imel. Ka tanadi mutum na huɗu a gefe, ka gaya masa gaskiya cewa mai yiwuwa ka buƙace shi.

Idan har yanzu kana makaranta, wannan ne lokacin shuka. A ajin mutum ɗari uku malam ba zai san ka ba sai ka sa ya san ka: ka yi tambaya mai ma'ana, ka je ofis a lokacin ganin ɗalibai, ka nemi taya shi tattara bayanai ko aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: lokaci

Wata biyu kafin ranar rufewa ta farko, shi ne abin da nake ba da shawara. Mako shida shi ne mafi ƙaranci da zan kira adalci. Yawancin shirye-shiryen digiri na uku a Amurka tsakanin farkon Disamba da Janairu suke rufewa, ke nan a watan Satumba ko farkon Oktoba ya kamata ka yi magana. Ka kuma duba kalandar malamin: lokacin jarrabawa da gyaran takardu, lokacin kare kundi, hutun ƙarshen shekara, goman ƙarshe na azumi, tafiyar Hajji ko Umra. Malam yana Mina ba zai cike maka fom ba.

Mataki na huɗu: buɗe magana

Idan kana gari ɗaya da malamin, ka je da ƙafarka. Zumunta a ƙafa take, kuma fuska tana tuno abin da suna ba ya tunowa. Amma kada ka tare shi a kan hanya ko a bakin masallaci bayan sallar Juma'a ka ɗora masa magana. Ka aika gajeren saƙo ka nemi lokacin da zai gan ka a ofis. Idan kana nesa, imel ya fi, sannan ka bi shi da saƙo ɗaya na WhatsApp cewa ka turo, domin malamanmu da yawa sun fi duba waya. Ban da kiran waya da daddare, ban da saƙon murya na minti biyar.

Da Turanci za ka rubuta idan da shi kuka saba mu'amala, ko Faransanci ga 'yan'uwanmu na Yamai, Damagaram da Maraɗi, amma abin da zai ƙunsa kusan haka ne:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan Malam yana lafiya, ya aiki? Sunana wane, lambar rajistata kaza, na kammala a sashenku a shekara kaza. Malam ne ya duba kundina a kan batu kaza, kuma na ɗauki kwas kaza da kaza a wurin Malam. Tun bayan bautar ƙasa ina aiki a wuri kaza. Bana ina neman gurbin digiri na biyu a fanni kaza a jami'o'i huɗu, ta farko za ta rufe ranar 1 ga Disamba. Ina roƙo, idan Malam yana ganin ya san aikina yadda zai iya rubuta mini wasiƙar shaida mai ƙarfi, ya taimaka mini. Idan lokaci bai ba da dama ba, na fahimta, kuma na gode. In Malam ya amince zan turo duk takardun a wuri ɗaya."

Ka lura da kalmar "mai ƙarfi", da kuma hanyar fita da ka bar masa. A al'adarmu babba yana jin nauyin ce wa yaro a'a kai tsaye. Sai ya amsa da baki, ya rubuta wasiƙa mai sanyi wadda za ta cutar da kai fiye da rashinta. Idan ka ba shi damar zamewa cikin mutunci, kun tsira ku biyu. Ka kuma iya sauraro. In ya ce "ai da ka gwada Dakta wane, ya fi ni sanin aikinka," ko "to, za mu gani," ko ya yi shiru bayan tuni biyu, amsa ce ya ba ka. Ka yi godiya ka nemi wani, kada ka aika manya su matsa masa. Wasiƙar da aka rubuta don kunyar wani ba ta da rai.

Ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye da barin makaranta, kada kunyar rashin zumunci ta hana ka. Malamai sun saba. Ka amsa laifin shirun a jimla ɗaya, ka haɗa da shafin farko na kundinka mai ɗauke da sa hannunsa da ƙaramin hotonka, ka tuna masa wani abu takamaimai, kamar ranar kare kundi ko tafiyar aikin fili da kuka yi. Malamin da ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a yana iya rubutawa, zai dai bayyana a ina da kuma yaushe ya koyar da kai. Idan Allah ya yi masa rasuwa, ka je wurin shugaban sashe ko wanda ya zauna a kwamitin kare kundinka.

Ga 'yan'uwa mata, ƙarin magana biyu. Idan kin fi sakewa da yin komai ta imel, ko ki je ofis tare da ƙawa a lokacin aiki, wannan daidai ne, kuma malamin kirki ba zai ga wani abu a ciki ba. Duk wanda ya ɗora wa wasiƙa wani sharaɗi da bai shafi karatu ba, ki bar shi nan take, ki ajiye saƙonnin, ki kai ƙara inda ya dace. Na biyu kuma, idan sunanki ya canza bayan aure, ki gaya wa malamin sunan da ke kan fasfo da wanda ke kan takardun makaranta, don wasiƙar ta dace da fayil ɗinki.

Mataki na biyar: haɗa masa kayan aiki

Da zarar ya amince, cikin kwana ɗaya ko biyu ka tura masa imel guda ɗaya mai ɗauke da komai. Kada ka riƙa turowa gutsi-gutsi, yau takarda ɗaya, jibi wata. A ciki a samu takardar tarihin karatunka da aikinka, kwafin sakamakon jarrabawarka na dukkan shekaru, daftarin bayanin manufarka ko tsarin binciken da kake son yi, taƙaitaccen bayanin kundinka, da jadawalin nan na jami'o'i da ranakun rufewa.

Sai abu mafi amfani, wanda ɗalibai kaɗan ne ke yi: shafi ɗaya na tunatarwa. Ka rubuta kwasa-kwasan da ka ɗauka a wurinsa da shekara da makin da ka samu, ayyukan da ka yi a ƙarƙashinsa, wahalar da ka ci karo da ita da yadda ka fita, da abu biyu ko uku da kake fatan ya taɓo. Wannan ba yabon kai ba ne. Mutumin da ya koyar da dubban ɗalibai kake taimaka wa ya tuna gaskiya.

A wannan shafi ne za ka roƙe shi ya fayyace abubuwan da baƙo ba zai gane ba game da tsarinmu. A jami'o'in Najeriya maki 70 shi ne A, amma a yawancin makarantun Amurka 70 maki ne na tsaka-tsaki, don haka wanda bai san mu ba zai iya raina 72 ɗin da ka sha wuya kafin ka samu. Haka ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ya samu 14 cikin 20: a tsarin Faransa sakamako ne mai kyau, amma in aka mayar da shi kashi cikin ɗari sai ya yi kama da abin da bai kai ba. Jimla ɗaya daga malam, cewa a ajin mutum kaza kai ne na uku, ko cewa mutum biyu kacal suka fita da daraja ta ɗaya a shekararku, ta warware wannan. Dole dai lissafin ya zama na gaskiya, daga kundin sashe. Haka kuma idan digirin shekara huɗu ya ɗauke ka shida saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya kai kimanin wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, malam yana iya faɗa a layi ɗaya. In akwai zangon da makinka ya faɗi saboda jinya ko rasuwa a gida, kuma malamin ya san da haka, bayaninsa ya fi naka nauyi.

Fom ɗin jami'o'i da yawa na waje yana tambayar malam ya sanya ka a mizani: kana cikin kashi 5 na sama na ɗaliban da ya koyar, ko kashi 10, ko 25? Ka sanar da shi tun da wuri cewa akwai irin wannan tambaya, don kada ya cike ta a gaggauce.

Mataki na shida: idan ya ce "rubuto ka kawo in sa hannu"

Wannan yana faruwa sosai, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Galibi ba mugunta ba ce, yawan aiki ne. Amma akwai haɗari a ciki. Wasu jami'o'in sun haramta a fili cewa ɗalibi ya rubuta wa kansa. Ko inda ba a faɗa ba, masu karatu suna ganewa: wasiƙu uku da bayanin manufa duk da salon rubutu ɗaya, da kuskuren nahawu iri ɗaya. Sannan ɗalibi ba ya iya rubuta abin da ya fi daraja a wasiƙar, wato kwatanta shi da ɗaliban shekara goma da suka wuce. Malam kaɗai ke da wannan sani.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka ce, cikin ladabi: "Malam, ina tsoron kada su gane salona. Bari in kawo bayanan a jere, Malam ya zuba su da kalmominsa." Sau da yawa wannan ya isa, domin abin da malam ke gudu shi ne zama gaban farar takarda. Idan ya nace, kuma ka'idar jami'ar ba ta hana ba, ka rubuta abin da ya faru kawai, da ranaku da ayyuka, ka bar wuraren hukunci da kwatanci a buɗe ya cike da kansa, ka roƙe shi ya karanta ya canza. Kada ka kwafo samfuri daga intanet, kada ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo maka yabo maras tushe. In jami'ar ta hana, ka nuna masa ka'idar, in bai sauya ba ka koma ga mutum na huɗu da ka tanada.

Abin da babu sassauci a kansa shi ne ƙirƙirar adireshin imel da sunan malam, ko kwaikwayon sa hannunsa, ko tura wasiƙar da kanka a matsayin shi. Jami'o'i kan tuntuɓi malami su tabbatar. Idan asiri ya tonu ana janye gurbi ko da ka riga ka fara karatu, kuma tabon yana shafar waɗanda za su nema daga sashenku bayanka.

Mataki na bakwai: shafin neman gurbi

A mafi yawan wurare kai ne za ka shigar da sunan malam da imel ɗinsa, na'ura ta aika masa da saƙon da zai bi ya ɗora wasiƙar. Kada ka shigar da sunan kowa kafin ya amince. Ka tambaye shi yadda yake rubuta sunansa da muƙaminsa, ka kuma nemi adireshinsa na jami'a, wanda a Najeriya yawanci ke ƙarewa da edu.ng. Jami'o'i da yawa ba sa sakin jiki da wasiƙar da ta fito daga Gmail ko Yahoo, wasu ma ba sa karɓa sai da ƙarin tabbaci. Matsalar ita ce malamai da dama ba sa buɗe na jami'ar, wani ma ya manta kalmar sirrinsa. Ka roƙe shi ya gwada tun yanzu. In babu yadda za a yi, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaye su abin da za su karɓa. A kowane hali wasiƙar ta kasance a kan takarda mai tambarin jami'a, da kwanan wata, da sa hannu, da lambar waya.

Yawancin shafuka suna barin ka aika wa malamai gayyata tun kafin ka gama cike naka ɓangaren. Ka yi haka da wuri. Ka tura gayyatun duka a rana ɗaya in zai yiwu, ka sanar da shi cewa saƙo huɗu na nan tafe daga jami'o'i kaza, ya duba har akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, domin can suke yawan ɓuya.

Jami'o'in Amurka za su yi maka wata tambaya da ke ruɗa mutane: ka yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar? Tushenta wata dokar ƙasar ce ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta ba ɗalibi damar duba bayanansa na makaranta bayan ya shiga. Ka zaɓi ka yafe. Wasiƙar da aka san ɗalibi ba zai gani ba an fi yarda da ita, kuma wasu malaman ba sa rubutawa sai da wannan. Idan kana tsoron abin da malamin zai faɗa a bayan idonka, to matsalar tana wurin zaɓen malamin, sai ka koma mataki na biyu.

Mataki na takwas: tuni

Sau uku ya wadatar: ana saura mako biyu, ana saura mako ɗaya, sai ana saura kwana biyu. Kowane tuni gajere, da gaisuwa, da sunan jami'ar da ranar. Shafin yakan nuna maka wanda ya tura da wanda bai tura ba, don haka kada ka dami wanda ya riga ya gama. Ka sa wa kanka wa'adi na kwana uku kafin na gaskiya, saboda wuta da intanet ba su da tabbas. Idan matsalar ta na'ura ce, kana iya kai masa kwamfuta da data ofis, amma shi zai shiga ya ɗora da hannunsa, kai kana waje.

In ana saura mako ɗaya malam ya ɓace, ka kira na huɗun, ka sauya suna a shafin. In rana ta wuce wasiƙa ɗaya ba ta shiga ba, ka rubuta wa jami'ar nan take. Wasu suna ɗaga wa masu shaida ƙafa na 'yan kwanaki, wasu ba sa yi, kuma ba za ka sani ba sai ka tambaya.

Batun kuɗi: wasiƙar shaida ba a sayen ta, kuma kyauta kafin a rubuta tana sa malamin kirki cikin takura. Idan akwai kuɗin aikawa da takarda ta kamfanin aika saƙo, wannan naka ne ka biya.

Bayan an tura

Ka yi godiya a ranar. Idan sakamako ya fito, a watan Fabrairu ne ko Afrilu ko Yuni, ka sanar da kowane ɗayansu, ko an samu ko ba a samu ba. Malamai da yawa sai a bakin wasu suke jin cewa ɗalibin da suka yi wa wasiƙa yana Jamus ko Kanada, kuma abin yana yi musu zafi ko ba su faɗa ba. In ba a dace ba, ka gaya musu kana da niyyar sake nema, ka roƙe su su ajiye wasiƙar a kwamfuta. Baɗi idan Satumba ta zagayo, sai ka tura musu sabon jadawali da abin da ka ƙara a shekarar, kwas ne, aiki ne ko maƙala, su gyara kwanan wata su ƙara sakin layi ɗaya.